Labarin duniya da muke gani a waya abin dogaro ne, ko mu koma rediyo?

ƊanFagge88:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ke damuna tun shekaranjiya ina so mu tattauna shi tsakani da Allah. Wani abokin aikina ya turo min bidiyon Fafaroma Leo na 14, yana dogon jawabi yana yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso. Fuskar tasa ce, bakinsa na tafiya daidai da maganar, ban yi wata-wata ba na jefa shi a guruf ɗin gidanmu har na ƙara da cewa to ga shi duniya ta fara gane gaskiya. Bayan magariba ƙanwata ta kira ni ta ce yaya bidiyon nan fa tun watan Mayun 2025 fadar Vatican ta ƙaryata shi, hoton wani zama ne da ya yi da 'yan jarida aka ɗauko aka ɗora masa wata murya da na'ura. Kafin in goge har baffanmu ya tura wa mutanen masallacinsu.

Abin da ya fi tsaya min a rai, mahaifinmu ya fi shekara arba'in yana jin labaran shida da rabi na safe, ban taɓa ganin ya kawo mana labari ya dawo yana cewa a yi haƙuri ba haka ba ne. Amma kuma gaskiya yaƙin Gaza, na Sudan, juyin mulkin Nijar, duk a waya na fara ganinsu tun kafin kowane gidan rediyo ya ce uffan. To ina mafita? Facebook da TikTok da X da WhatsApp ɗin nan za a iya dogara da su wajen sanin abin da ke faruwa a duniya ko dai yaudarar kanmu muke yi?

Bakatsine:
Wa'alaikumus salam. Ni dai abin da nake yi, in na ga abu a waya sai in riƙe shi a matsayin an ce, sai takwas da rabi na dare ta yi in kunna rediyo in ji ko sun kawo. In kwana biyu suka wuce babu wata kafa da aka sani da ta ambata, na watsar da shi.

Tsohon_Ɗalibin_Khartum:
Malam ƊanFagge kar bidiyo ɗaya ya sa ka yi wa abin kuɗin goro. Ni ganau ne ba jiyau ba. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 muna cikin goman ƙarshe na azumi muka tashi da ƙarar harbi a Khartum, sojojin Burhan da dakarun Hamidti sun kaure a tsakiyar gari. Wlh babu gidan rediyon da zai gaya maka wace gada aka rufe yau, wane titi ne ake iya bi, wane gidan burodi ne ya buɗe, wace unguwa ce famfonta ke kawo ruwa. Matasan unguwanni 'yan Sudan ne suke rubuta wannan a guruf-guruf da Facebook awa bayan awa, mu kuma muna fassara wa junanmu, da shi muka rayu. Da aka fara kwashe mu a manyan motoci zuwa iyakar Masar direbobi suka tsaya da wasu daga cikinmu a tsakiyar sahara suka ce ba a cika musu kuɗinsu ba, ɗalibai suka ɗauki bidiyo suka saka, kafin dare ya zagaye Najeriya kaf, shi ne aka motsa. Da za a jira sai ɗan jarida ya iso wurin nan Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Amma zan faɗi ɗaya gefen saboda Allah. A guruf ɗin nan dai aka ce mana an buɗe iyaka alhali ba a buɗe ba, mutane suka yi kwanaki a kwance a ƙasa a bakin boda. Kuma a lokacin wani ya tura wa mahaifiyata hoton gawarwaki ya ce ɗaliban Najeriya ne, wayata babu caji, kwana biyu matar nan ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Har yau ban san wanda ya ƙirƙiro abin ba, kuma na kasa yafe masa.

Maman_Ikram:
Allah sarki, Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Ni duk lokacin da aka yi irin wannan magana ruwan gishiri nake tunawa. Watan Agustan 2014 lokacin Ebola, wajen ƙarfe uku na dare wayata ta yi ta ƙara, yayata ce daga Minna tana cewa maza ki tashi ki tafasa ruwa ki zuba gishiri kowa ya yi wanka ya sha kafin gari ya waye. Na tashi yara da kuka da komai muka yi. Surukata mai hawan jini ita ma ta sha kofi guda, washegari sai asibiti. Allah ya sa da sauran kwana, amma ai an samu waɗanda suka rasu a dalilin wannan saƙon.

MaiGyaranWaya:
Hajiya Maman Ikram ki lura da abu ɗaya, ke da kanki kin ce kiran waya aka yi miki. A 2014 mutanenmu da yawa ba su da babbar waya ma, tes da kira ne suka fi yaɗa maganar gishirin, daga baki zuwa baki. Rediyo mai jini ya girmi Facebook nesa ba kusa ba. Abin da ya canja kawai shi ne da jita-jita sai ta hau mota kafin ta je wani gari, yanzu kuwa ko takalmi ba ta buƙata.

Zango_Kumasi:
Salam 'yan'uwa, daga Kumasi nake. Ina so in yi wa Bakatsine magana a kan cewa in manyan kafafe sun kawo shi ke nan. Kun tuna girgizar ƙasar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023 wadda ta kashe mutum sama da dubu 50? Ɗan ƙwallonmu Christian Atsu yana wasa a Hatayspor, daren da ya gabata ma shi ya ci musu ƙwallon nasara, gini ya rufta da shi. Washegari aka ce an ciro shi da rai, ba 'yan TikTok ne suka faɗa ba, wani babban jami'in kulob ɗin ne ya faɗa, hukumar ƙwallon Ghana ta sanar, manyan kafafen duniya duk suka ɗauka. A zangonmu har murna aka yi. Sai ranar 18 ga wata aka samu gawarsa a ƙarƙashin ginin. To ka ga ko su suna kuskure.

Baba_Mai_Rediyo:
Yarona na Kumasi ka faɗi gaskiya, kuma na tuna abin. Amma ka ƙarasa labarin mana. Su waye suka dawo suka ce maganar farko ba ta tabbata ba, ana ci gaba da nemansa? Su ɗin ne dai. Suka faɗi wanda ya ba su labarin tun farko, suka janye. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka 1979, ni da kunnena na ji yaƙin Iran da Iraƙi da rushewar Tarayyar Sobiyat a akwatin rediyona mai batir huɗu. Na san sunayen masu karanta labaran, na san garuruwan wasunsu, in suka yi ƙarya akwai inda za a je a same su. Wannan da yake rubuta muku DA ƊUMI-ƊUMI da jan rubutu, waye shi? Ɗan gidan waye? In ta fito ƙarya ce gogewa yake yi ya saka wani, babu ko a gafarce ni. Jikana ne ya sa ni a wannan zaure, ina karanta ku kullum, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a zamaninku.

Bakatsine:
Allah ya ƙara girma Baba, ka faɗa min abin da na kasa faɗa.

Ɗan_Maraɗi:
Baba ina gaisuwa, amma ku yi min haƙuri in hwaɗi tawa. Rediyon nan da kuke yabo kowace da mai ita. Ta Ingila, ta Faransa, ta Jamus, ta Amurka, yanzu ga ta Turkiyya ma ta zo da Hausa. Ba don Allah sunka buɗe sashen Hausa ba, kowa da abin da shike so mu ji. Lokacin da soja sunka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023 mu da muke cikin ƙasar abin da muke gani a titi daban, abin da wasu kafafen waje ke hwaɗi daban, sai ka ce ba ƙasa ɗaya ake magana ba. Najeriya ta yanke muna wuta, anka rufe iyaka, kuɗin shinkafa da magani ya tashi, wa ya nuna wahalarmu in ba mu da wayoyinmu ba? Kuma 'yan'uwanmu na Katsina da Kano da Sakkwato da sunka tashi sunka ce ba su yarda a kai wa Nijar yaƙi ba, a Facebook munka ga junanmu.

Amma ƙarya kam an yi ta ba iyaka, ba ni musu. Kun tuna bidiyon da anka ce ministan kuɗi na kuka don soja sun ba shi awa 48 ya fito da kuɗin da anka sace ko a harbe shi? Mu nan kallo ɗaya munka yi munka gane Marou Amadou ne, tsohon ministan shari'a, kuma bidiyon tun 2021 ne, ba shi da wata alaƙa da juyin mulki. Amma a Najeriya da Ghana har Kenya mutane na ta tafi suna cewa haka ya kamata a yi wa nasu.

Bakatsine:
@Ɗan_Maraɗi to amma ai gwamnatinku ta rufe RFI da France 24 tun Agustan 2023, ta zo ta dakatar da BBC a Disambar 2024. In an toshe duk wata murya sai ta gwamnati da ta masu goyon bayanta a TikTok, ta yaya za ku san abin da ke faruwa a Tillaberi?

Ɗan_Maraɗi:
Muna da dangi can, muna kiran su. Kuma kai ma ka ji Janar Tiani, jagoran sojan da sunka karɓi mulki, da bakinshi cikin Hausa a Disambar 2024 ɗin yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa a kanmu, ba fassara ba.

Bakatsine:
Na ji shi, na kuma ji Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya mayar masa da martani shi ma da Hausa ya ce babu wani sansanin Faransa a Najeriya. Dukkansu bidiyon gaskiya ne, ba na'ura ba ce ta haɗa, kowa ya ji daga bakin mai ita. To wanne za ka ɗauka? Ka ga ko da bidiyo sahihi ne sai an samu wanda zai taka ya je wurin ya duba.

Admin_Zaure:
Dan Allah 'yan'uwa kar mu mayar da abin rigimar Najeriya da Nijar, duk ɗaya muke. A koma kan tambayar ƊanFagge.

Ɗalibar_Jarida:
Ni abin da nake ganin ba a taɓo ba shi ne kuɗi. Tun 2023 X ta fara biyan masu shuɗin maki gwargwadon yadda ake kallon abin da suka rubuta, Facebook ma ta buɗe wa 'yan Najeriya da Ghana hanyar samun kuɗi a 2024. Shuɗin makin nan da a da yake nufin an tantance waye kai, yanzu saya ake yi. To mutumin da abincinsa ya dogara da yawan masu dannawa me zai sa ya jira ya tabbatar? Labarin da ya tayar maka da hankali ko ya faranta maka rai fiye da kima shi ne ke tafiya, manhajar kuma tana lura da abin da ka daɗe kana kallo ta ƙaro maka irinsa, shi ya sa wanda ke son Traore zai ga kamar duniya gaba ɗaya Traore take yi, wanda ke ƙinsa shi ma haka. A watan Mayun 2023 an saki hoton hayaƙi aka ce bam ya tashi kusa da Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, hoton na'ura ne, shafuka masu shuɗin maki suka yaɗa, har kasuwar hannun jarin Amurka sai da ta ɗan girgiza na 'yan mintoci. Waɗannan fa masu Turanci ne da kayan bincike a hannu. Mu kuma da Hausa abin ya fi muni don odiyon minti bakwai da wani ya yi a ɗakinsa babu mai tace shi, yana shiga WhatsApp shi ke nan ya shiga duhu.

Abu_Sumayya:
Duk na ji, amma ni ba wanda zai raba ni da wayata a kan maganar Falasɗinu. Tun 7 ga Oktoba 2023 Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza su yi aiki da kansu, sai dai wanda soja suka zagaya da shi. To da wa ya nuna mana? Yaran Gaza ne da wayoyinsu, irin su Motaz Azaiza a Instagram. Mun ga Wael Dahdouh na Aljazeera yana cikin aiki aka gaya masa an kashe matarsa da 'ya'yansa da jikansa, washegari ya koma gaban kyamara. An kashe Anas al-Sharif, shi ma ɗan jaridar Aljazeera, a Agustan 2025 a tantinsu kusa da asibitin Shifa, 'yan jarida sama da 200 aka kashe a yaƙin nan. Shekara nawa ana zaluntar mutanen nan muna jin minti biyu a ƙarshen labarai? Wannan karon duniya ta gani da idonta shi ya sa aka cika titunan Landan da jami'o'in Amurka. Kuma duk da haka sai da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Disambar 2023 ta lissafa sama da sau dubu da aka goge ko aka danne rubutun goyon bayan Falasɗinawa a Facebook da Instagram.

Injiniya_Jos:
Malam Abu Sumayya ina tare da kai ɗari bisa ɗari a kan zaluncin, shi ya sa ma abin da zan faɗa yake min ciwo. A cikin bidiyoyin da mutanenmu suka yi ta yaɗawa da sunan Gaza akwai na yaƙin Siriya na shekarun baya, akwai na wasan kwamfuta mai suna Arma 3 da ake nuna ana kakkaɓo jirage, shi wannan wasan an yi amfani da shi a yaƙin Yukiren ma. Hoton tantunan Rafah da mutum sama da miliyan 40 suka yaɗa a Mayun 2024 na'ura ce ta zana shi. Lokacin yaƙin kwana 12 na Iran da Isra'ila a Yunin 2025 kuwa abin ya wuce misali, hotunan jiragen F-35 da aka ce an harbo wani girmansa ya fi gidajen da ke gefensa. Illar ita ce duk ƙarya ɗaya da aka kama sai azzalumi ya ɗaga ta ya ce kun gani duk sauran ma haka suke. Yanzu har ta kai uwa na riƙe da gawar ɗanta na gaske wani yana rubuta mata a ƙasa cewa AI ne. Mu a Jos mun san kuɗin hoton ƙarya, a rikicin Yunin 2018 an yaɗa hotunan da wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauka ba, kuma rayuka sun tafi a kai.

Abu_Sumayya:
Ban musa ba injiniya. Ni ma na taɓa tura na jirgin nan. Amma ko an cire na ƙarya duka, na gaskiyan da ya rage ya isa hujja.

Almajirin_Malam:
Jama'a wannan mas'ala fa addini ya gama da ita. Suratul Hujurati aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika don kar ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Kuma hadisi ya tabbata a Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Danna tura ɗin nan faɗa ne. Wanda ke rubuta "kamar yadda na samu" a ƙarƙashin saƙo yana ganin ya fita, bai fita ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya halinsa, mu jikokinsu muna karɓar magana daga shafin da hoton zaki ne a fuskarsa.

'Yar_Damazin:
Salamu alaikum, ni Bahaushiya ce daga Sudan, jihar Blue Nile, yanzu muna zaune a wata ƙasa saboda yaƙi. Ku yi haƙuri da Hausata. A Yulin 2022 da aka yi rikici a jiharmu aka kashe mutum sama da 100, aka ƙona gidajen Hausawa da yawa, 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da dama a ranar suka fara sanin akwai Hausawa masu yawa haka a Sudan, kuma ta Facebook suka sani. Saƙonnin addu'a da muka samu daga Kano da Damagaram ba zan manta ba. Wannan alheri ne.

Amma ina da ƙorafi a kanku 'yan'uwa. Kuna cewa waya tana nuna abin da rediyo ya ɓoye, to ina Sudan a wayoyinku? Mutum sama da miliyan 10 sun bar gidajensu, an yi wa Al-Fashir ƙawanya sama da shekara ɗaya mutane suna cin abincin dabbobi, sai da garin ya faɗi a Oktoban 2025 aka yi maganarsa na mako biyu aka wuce. A Fabrairun 2024 an ɗauke intanet a kusan duk ƙasar, makonni ba mu san ko iyayenmu na raye ba. Inda babu sabis babu bidiyo, inda babu bidiyo kamar ba a mutu ba. A wannan lokacin gara ma rediyo, suna ambatonmu ko da babu hoto.

Tsohon_Ɗalibin_Khartum:
Wlh 'yar'uwa kin yi gaskiya, mu kanmu da muka sha ruwan ƙasar muka yi karatu a cikinta muna dawowa gida muka yi shiru. Allah ya kawo muku sauƙi ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Hajiyar_Kaduna:
Ni tambaya gare ni. Kowa na cewa a bincika a bincika, to ni da ba na jin Turanci sosai ta ina zan bincika? Odiyo ake turo min a guruf ɗin islamiyya da na 'yan adashi, muryar mutum kamili yana sallama yana salati sannan ya kawo labari. Ga data ta yi tsada tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025, ba zan iya buɗe shafi biyar don labari ɗaya ba.

MaiGyaranWaya:
Hajiya ba sai da Turanci ba. In kin ga kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp an rubuta an tura shi sau da yawa, to ya yi yawo sosai kuma wanda ya turo miki bai san mai shi ba. Mai odiyon ya faɗi sunansa da garinsu da ranar da abin ya faru? In cewa ya yi "yanzu-yanzu" ko "jiya" babu kwanan wata ki yi hattara, akwai odiyon da duk shekara sai ya dawo. In ya rufe da cewa don girman Allah ki tura wa mutum goma kafin a goge, wannan kusan kullum kanzon kurege ne. Hoto kuma akwai Google Lens a yawancin wayoyi, ki ba wani yaro a gida ya saka shi zai nuna miki inda hoton ya taɓa fitowa da shekarar. Sannan akwai masu aikin tantance labari, Dubawa suna yi har da Hausa, akwai Alƙalanci su ma da Hausa suke. A shagona kullum sai na yi wa mutum biyu uku wannan kyauta.

Ɗalibar_Jarida:
Ƙari a kan na MaiGyaranWaya, a bidiyo a duba lambar mota da rubutun shaguna da kayan jami'an tsaro, sau da yawa za a ce Kano ne ka ga allon shago da Faransanci. Amma maganar duba yatsu shida ta fara tsufa, na'urorin yanzu sun gyara wannan.

MaiShayi_Zariya:
Ku zo teburina da safe ku ji labaran duniya. Har gobe akwai mai rantse maka cewa Buhari ya rasu tun 2017 aka kawo Jibril daga Sudan, alhali mutumin da bakinsa ya ƙaryata a Poland a Disambar 2018, ya gama mulkinsa ya koma Daura, Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025 aka yi jana'izarsa kowa na gani. Na nuna wa wani dattijo duk wannan ya ce min kai yaro ne ba ka san duniya ba. Wani ba rashin hujja ke damunsa ba, abin da ransa ke so ya riga ya zaɓa.

Sarkin_Yaƙin_Gombe:
Ni a ganina gwamnati ta sa doka mai tsanani kawai, duk wanda ya ƙirƙiri labari a ɗaure shi.

Injiniya_Jos:
A'a ɗan'uwa a yi hattara da wannan. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai, ƙarya ta ragu? Mutane VPN suka saka, masu ƙananan sana'a suka yi asara. Kuma in ka ba mai mulki wuƙar yanke wane labari ne ƙarya, ranar da gaskiya ta taɓa shi ita zai fara yankawa.

ƊanFagge88:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta kowa, maganar 'yar'uwarmu ta Damazin kuwa ta hana ni sukuni. Bari in ba ku ƙarshen abin da ya faru. Ɗazu bayan la'asar na je har gida na samu baffa na ce masa bidiyon da na turo ba gaskiya ba ne, Fafaroma bai faɗi haka ba, a taimaka a gaya wa mutanen masallaci. Ya yi shiru sannan ya ce to ko ba shi ya faɗa ba ai abin da aka faɗa a ciki gaskiya ne, Turawa sun cuci Afirka ko ba su cuce ta ba? Na ce sun cuce ta. Ya ce to mene ne na janyewa. Wlh na rasa amsar da zan ba shi cikin ladabi, na dai yi masa sallama na taho.

Almajirin_Malam:
Ka koma ka ce masa baffa, da wani zai ɗauki muryarka ya sa maka maganar da ba ka yi ba, ko da mai kyau ce, za ka yarda? Jingina wa mutum abin da bai faɗa ba ƙage ne ko musulmi ne ko ba musulmi ba. Amma ka je da taushi, kar a gaban mutane.

Ɗan_Maraɗi:
Ni na fahimci baffanka. Mutane sun gaji, shekara da shekaru ba mai hwaɗin abin da ke ransu, in sunka samu wanda ya hwaɗa ko na'ura ce sai su rungume. Ba ina cewa daidai ba ne.

Baba_Mai_Rediyo:
ƊanFagge ka gaida baffan naka, sa'ana ne da alama. Kar ka matsa masa, ka bar shi ya kwana da maganar. Ni abin da ya dame ni ma daban ne, tun watan Maris na 2025 da gwamnatin Trump ta tsayar da aikin Muryar Amurka na murɗa inda na saba samunsu na ji shiru, gajeren zango kuma kullum raguwa yake, batir ya yi tsada. Jikokina ba mai taɓa akwatin nan. Ina gudun ranar da za ku ce a koma rediyo a tabbatar a tarar babu kowa a can.

Hajiyar_Kaduna:
@MaiGyaranWaya ga wani nan an turo yanzu a guruf ɗin islamiyya, bidiyon ambaliya ne an ce a Makka ne daren jiya, yana da kibiya biyun da ka ce. Ƙanwata na can Umara kuma wayarta ba ta shiga. Dan Allah in turo maka ka duba min?